Tausar Japan a Zahir

A shekarata ta uku a Makka na lura ba wanda yake taɓa ni. Ni ce mai taɓa mutane: in ɗaga Hajiya, in yi mata wanka, in shafa mata man zaitun a ƙafa. Amma ni, in ban da turereniyar ɗawafi, ba hannun da yake sauka a jikina. Akwai Juma'ar da na kutsa cikin cunkoson Harami da gangan, wata ƙatuwar mata ta dafa kafaɗata don ta wuce, na dawo gida ina jin wurin. A Kano kuwa yarana sai na ture su suke sauka daga jikina. Kaɗaici ya ci ni ba kaɗan ba.

Hajiya tsohuwa ce da nake jinya a unguwar Zahir. A Makka aka haife ta, kakanninta ne suka taho daga ƙasar Hausa a ƙafa. Shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, hannun dama ya daina motsi, amma bakin nan lafiya lau. 'Ya'yanta sukan zo su sumbaci goshinta, su yi mata Larabci da sauri, su koma gefe su duƙufa a waya.

Babban ɗanta ne ya samo wata 'yar Indunusiya mai gashin ƙashi, tana zuwa da hantsi ta motsa wa Hajiya gaɓoɓi. In ta gama sai ta murza tafukanta, ta ɗora su a goshin Hajiya ta bar su a wurin, can ta mayar kafaɗa, can hannun da ya shanye. Ba ta dannawa, ba ta murzawa. Ni da na tashi a gidan da in ana wa tsohuwa tausa sai an ji ƙashi ya yi ƙara, na ce a raina wannan ai cin amanar aiki ne.

Da guntun Larabcina da nata na tambaye ta. Ta ce sunan abin reiki, ta koyo shi a Japan lokacin da take aiki a gidan kula da tsofaffi. Wai wani mutumin can ne, kusan shekara ɗari da suka wuce, ya hau dutse ya yi makonni yana azumi shi kaɗai, ya ji wani abu ya sauko masa ta tsakar ka, da ya dawo gari sai ya riƙa ɗora wa marasa lafiya hannu, ya kuma koya wa almajiransa. Su suna cewa wani ƙarfi ne yake bi ta tafin hannu. Ita dai, in ji ta, bisimilla take yi ta ɗora, sauran na Allah ne.

Hajiya ta ce, "Oho dai. Ni ɗumi nake ji, kuma ina samun barci."

Wata rana matar ta ga ina ɗaga tulun zamzam ina cije leɓe. Ta nuna min kujera. Na ce a'a, ni 'yar aiki ce, ba a biya don ni ba. Hajiya ta daka min tsawa daga gado, "Ke 'yar nan, zauna mana! Kafaɗar taki ta gwal ce?" Na zauna. Tafukan nan suka sauka a kafaɗata, suka tsaya. Ba su wuce ba kamar na matar ɗawafi. Ban san ko wani ƙarfi ya shiga ba, abin da na sani hawaye ne suka zubo min har kan zani, ina jin kunya ina kasa tsayar da su. Daga ranar, in ta gama da Hajiya sai ta ɗan yi min. Na koma duba ƙofa tun da safe kamar mai jiran ɗan'uwa daga gida.

Bakin Hajiya ne ya ja mana. Ɗanta ya zo ranar Juma'a ya ce ya ga ta murmure, ita kuma da murnarta ta kwashe labarin dutsen nan kaf ta ba shi, har da azumin, har da abin da ya sauko. A wani gari sai a yi dariya a wuce. Amma a Makka, inda kowa ya san Dutsen Hira, ba a ba da labarin wani ya hau dutse ya sauko da abu. Na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Ya ummi, haram. Wannan ba magani ba ne, hanyar shirka ce."

Ta ce, "Da bisimilla take yi, ya waladi, ɗana."

Ya ce, "Khalas, ummi, magana ta ƙare."

Ban ga laifinsa ba, tsoron Allah ne ya sa shi, ni ma abin ya tsaya min a rai. Amma matar ba ta sake zuwa ba, ko sallama ba mu yi ba. Aka kawo wata mai safar roba a hannu, ta lanƙwasa gaɓoɓin Hajiya ta miƙar ta tafi. Na koma yadda nake, sai ma abin ya fi ciwo, don yanzu na san abin da na rasa.

Wata la'asar ina ninke kaya Hajiya ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Zo nan, zauna a ƙasa. Kawo kafaɗar."

Na zauna a gefenta na hagu. Ta ce, "Ba wannan ba, zagayo. Duk ɗumin da matar nan ta zuba yana cikin hannuna na dama, ban taɓa ko kaɗan ba."

Na zagaya. Hannun ba ya ɗaguwa, don haka ni na ɗauke shi da hannuwana biyu na ɗora a kafaɗata, na riƙe kada ya zame. Ta yi bisimilla. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙugi.

Can ta ce, "Kin ji ɗumin?"

Hannun sanyi ƙalau yake. Na ce, "Na ji, Hajiya. Kada ki ɗauke tukuna."