Tulun Irin da Iya Tumba Ta Tsare

Kakata Iya Tumba ta rasu a shekarar babban fari, ita kaɗai a gida, mu muna garin Isa. Yunwa ce ta kashe ta. A ƙarƙashin gadonta akwai tulu cike da gero, bakinsa liƙe da laka, ba ta fasa ba.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na sani na duniya, gona ce ta koya mini da bakin tsohuwar nan.

Ƙauyenmu yana kusa da Kurawa. Da an yi sallar isha'i, Iya takan hura wuta da kara da kashin shanu a ƙofar ɗakinta, mu taru, ni da ƙannena da yaran maƙwabta. Tana da wata gajeriyar sanda ta tonon wuta, da ita take zungurin mai gyangyaɗi. Jikinta warin daddawa da hayaƙi. In sanyi ya matsa, ni ke shigewa gefen zanenta, don ni ne babban jika, ni take kira maigida.

Babana Garba da innata Kulu mutane ne masu son fita. Da an gama kaka an cika rumbu, ba sa zama. Yau kokawa a Gatawa, gobe kasuwar Bafarawa, in an buɗe ruwa a gulbin Isa suna can wajen su, ranar da gari duka ke faɗawa kamun kifi. Tare suke tafiya, ita bisa jaki shi a ƙasa, da abokansu da matan abokan. A garinmu ba a saba ganin mutum yana yawo da matarsa haka ba. Ana magana, ba su damu ba. Sukan dawo da busasshen kifi da rake, suna gardamar wa ya kada wa. Innata ta kife ƙwarya ta kwaikwayi kiɗan 'yan kokawa, Baba ya tashi yana kirari a tsakar gida kamar yaro. Ban ƙara ganin mutum biyu suna dariya irin wannan ba.

A wajenmu ba a sauka gidan mutum hannu rabbana. Duk inda za su kwana, sai an ɗora damin gero a jaki don mai masauki. Mafi yawa gidan Labbo ake kaiwa, wani masunci a Isa mai lambu a fadama, wanda suka ƙulla abota da Baba a wajen kamun kifi. Damman nan su ke ci wa Iya rai. Ba ta faɗin sunan Baba, ɗan fari ne, kuma ba ta yi wa suruka faɗa a fili. Sai ta bi ta tatsuniya, ta ɗaga murya yadda za a ji daga ɗakinsu.

"Ga ta nan tafe, ta gaji da hanya," in ji ta. Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Labarin Kurciya ne da mijinta, da maƙwabciyarsu Gafiya. Kurciyoyin ba sa jin ganga su zauna. Duk garin da ake biki sai sun tashi, kowa da zangarniyar gero a baki, su yar a gidan da suka sauka. Gafiya kuwa tana rami, tana tara tsaba, ba ta zuwa ko'ina.

"To, damina ta faɗi," Iya ta ce, tana buga sanda a ƙasa. "Sunka leƙa rumbu, wayam. Sunka zo ƙofar Gafiya, salamu alaikum, a sam muna iri. Gafiya ta ce, iri? Ku koma wurin makaɗa, ku shuka ganga!"

Mu fashe da dariya. Daga ɗaki sai Baba ya ce, "Iya, kurciyoyin ga dai sun sha daɗi kafin su sha wuya."

"Da jikokina nike magana. Wa ya sa da kai?"

Haka muka yi shekaru, tatsuniyar tana ƙarewa a ganga.

Sai fari ya zo. Shekarar farko gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Ta biyu aka shuka, aka sake shukawa, ko tsiro. Shanu suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya. Jakinmu ya mutu. Muka ci dusa, muka ci tafasa, muka koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki kafin su ciwu. Ƙanwata Hassi ta rasu. Aka daina taruwa a ƙofar Iya.

A gidanmu tsohuwa ce ke riƙe iri. Abin da ya rage tulu guda ne, ta gauraya shi da toka saboda ƙwari, ta liƙe, ta binne a ƙarƙashin gado. Baba ya roƙe ta a fasa. Ta ce, "In munka ci shi, mun ci kwana kaɗan, mun ci baɗi gaba ɗaya."

Ana haka saƙon Labbo ya iso: ku taho, fadama ba ta ƙafe duka ba, akwai rogo da dankali. Amma Iya ba ta iya tafiyar ƙasa, tulu kuma ba ya ɗaukuwa a hanyar da mayunwata suka cika. Baba ya ce ba ya barin uwarsa. Ƙanena Sani ƙafafunsa sun fara kumbura, Baba yana gani, bai motsa ba.

Wani yammaci Iya ta hura wuta. Ta kira mu, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. "Kulu, taho ki zauna. Ki ce ma wancan shi ma shi taho."

Ta fara labarin Kurciya kamar kullum, muryarta ta dushe. Da ta kai wurin damina sai ta bar hanya.

"Ruwa bai zo ba. Kurciya ta ce ma mijinta, tashi mu bi sawunmu. Duk gidan da sunka taɓa yada zangarniya, sunka iske an san su. A bakin gulbi kuwa, tsabar da ta zube ta tsira ta yi kai. Sunka ci, ɗiyansu sunka rayu."

Na ce, "Iya, ba haka take ba. Ina ganga?"

Ta zungure ni. "Tatsuniyata ce ko taka, maigida?"

"To Gafiya fa?"

"Gafiya ba ta da fiffike. Tana tsaron rami. In kowa ya tashi, wa za a iske?"

Ba wanda ya yi dariya. Innata ta rufe fuska da mayafi. Baba ya dubi Iya ya ce, "Za ni kai su in komo miki da abinci." Da asuba muka kama hanya, Sani a bayan Baba.

Labbo ya tarye mu a ƙofa. Baba ya fara ba shi haƙuri, wai mun zo ba ko zangarniya. Labbo ya ce, "Rufa mini baki, Garba. Geronka nawa gidan ga ya ci? Ku shige." Sani ya rayu. Baba ya kai wa Iya rogo sau ɗaya. Kafin ya koma zazzaɓi ya kwantar da shi, maƙwabtan da aka bar wa amanarta su ma suka tashi. Da ya isa, liman da wasu tsofaffi sun riga sun binne ta. Ya tona ƙarƙashin gado, laka na nan yadda ta shafa ta, har da sawun yatsunta.

Da ruwa ya dawo, irin nan muka shuka, ya yi kyau. Baba bai ƙara zuwa kokawa ba. Innata in ta ji ganga sai ta shige ɗaki.

Ina yaro na ɗauka Iya ta janye maganarta a kan yawonsu ne. Yanzu ban yarda ba. Har ta mutu tana ganin damman nan asara ce. Ta dai san ɗanta ba ya tafiya sai ta sallame shi, ita kuma ba ta iya faɗa masa kai tsaye. Damman da ta ƙi su suka cece mu, tulunta ya tada gidan. Amma mudu ɗaya daga ciki da ya riƙe ta har Baba ya iso. Wannan ne ya tsaya mini a wuya. Wata rana in yi mata addu'a, wata rana in ji haushinta.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyenmu, matata ta ce, "Ku tafi, ni za ni zauna in tsare rumbu." Na ce, "Gidan ga ya yi Gafiya ɗaya, ta isa." Na ɗora ta bisa babur.

Yanzu ina Isa, a zauren jikan Labbo, ni da ita da jikokinmu. Irin geron Iya yana cikin gora, rataye bisa kaina. Gonata tana can, ban san wa ke taka ta ba.