Gawayin Fadar Illo

Illo ɗan Tasawa ne, kuma tun yana lekkol malamansa suka san bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Bai wuce firamare ba, amma karatu ya riga ya kama shi. Da ya hau babbar mota ya iso Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya a farkon shekarun casa'in, ya kafa teburin turare da atamfa a Kasuwar Assihar. Duk tsohuwar jaridar da aka naɗo kaya da ita sai ya warware ta ya karance tas kafin ya bari a jefar.

Abin da ya fi so a duniya shi ne fadarsa. Bayan la'asar abokai kan taru a bayan teburinsa, a ɗora shayi, a buɗe musu. Dokar fada ita ce wanda aka kayar shi zai sayo gawayin gobe. Musu ɗaya kan yi mako guda, domin kowa sai ya je neman hujja: wani wajen direbobin Agadas, wani wajen malamin allo, Illo kuma cikin jaridunsa. Matarsa Rakiyatu ta ce da musu sana'a ce, da tuni sun yi gidan sama.

A wajajen 2005 aka buɗe siba kusa da kasuwa, ɗakin da ake biya a zauna gaban na'ura a tambaye ta komai. Amadu tela ne ya fara koyon latsa ta. Rannan Isufu mai dabino ya rantse cewa Buzaye ne suka fara shan shayi a duniya. Illo ya gyara zama, yana murna an samu abin tauna na mako. Amadu ya zura takalmi ya fita, kafin buta ta tafasa ya dawo.

"Ƙasar Sin ce. Na'ura ta faɗa."

Shi ke nan, magana ta mutu. Haka aka yi ta yi kullum, har mutane suka koma shan kofin farko su watse, gawayi kuma ya daina ƙarewa. Abin ya yi wa Illo ciwo ƙwarai, don yana ganin fadarsa na mutuwa a gabansa. Shi kansa ya lura ya daina warware jarida. Mene ne amfanin wahala, tunda Malam Na'ura na nan?

Bayan wata biyu sai wata dabara ta faɗo masa. Ya zuba kofin farko, ya tambaya kamar bai san komai ba, "Wai ni, su wa suka fara shan shayi?"

"Buzaye mana," in ji Isufu, ko kunya babu.

Amadu ya sosa ƙeya. "Indiya ce ko Sin? Wallahi ta shige mini. Bari in je in dubo."

"Zauna, tela," in ji Illo. "Kai ka kawo amsar nan da ƙafarka, ga shi ka manta. Amma musun tsawon Kogin Kwara da muka yi tun kafin ka yi aure, ka tuna wa ya sayi gawayi?"

Amadu ya yi dariya, don shi ne ya saya, kuma har hujjar da ta kayar da shi bai manta ba. A nan Illo ya kafa sabuwar doka: ba mai zuwa wajen Malam Na'ura sai an sha kofi na uku, kowa ya faɗi tasa da dalilinsa. Dama tashi kafin na uku rashin ladabi ne, don haka ba wanda ya iya ƙi.

Aka sha na uku, Amadu ya je ya dawo yana taƙama. "Sin ce."

Isufu ya kurɓe ragowar kofinsa a hankali. "To ita wa ya gaya mata? Tana wurin aka yi?"

Wannan tambaya ta ci mako biyu. Amadu ya koma siba ya karanta shafi har ƙarshensa, abin da bai taɓa yi ba, don ya gano wa ya rubuta. Illo ya tono jaridunsa. Isufu ne ya sayi gawayi, amma har yau bai yarda ba.

A ƙarshen watan Rakiyatu ta tare mijinta a bakin ƙofa. "Malam, gawayin girkina raguwa yake yi. Mi ke faruwa?"

Illo ya ɓoye ƙullin gawayin da ke hannunsa a bayan riga, bakinsa har kunne. "Jiya ni aka kayar," in ji shi.