Tiyon Bayan Ɗakin Cin Abinci

Makarantar kwanan da na yi a gefen Abuja ba ta da wani buri sai shirya mu shiga jami'a, amma tana da wata al'ada da ta taɓa sa ni kukan haushi. Kafin a ba ka kujera a ajin kimiyya na ƙarshe, sai ka yi wa wani na gidanku bayanin darasi guda ranar ziyara, da harshen da kuke yi a gida. Kuma ba kai za a tambaya ba. Shi za a tambaya me ya gane. A wurinsu, abin da ka kasa fahimtar da mahaifiyarka, ba ka san shi ba, ajiyarsa kawai aka ba ka.

Ni kuwa gwanar hadda ce. A ba ni shafi da safe, kafin azahar na zuba shi kamar rediyo. Likita nake son zama, kuma ba a zama likita sai ta wannan aji. Sai ga shi an rataya kujerata a wuyan mahaifiyata Inna, mai sayar da ayaba a kasuwar Zuba, wadda ba ta taɓa zama a aji ba.

Darasin da ya faɗo mini shi ne hawan jini. Har na ɗan ji sanyi, don Inna na da shi. An ba ta ƙwayoyi a asibiti, tana sha in ƙeya ta dame ta, tana watsarwa in ta ji sauƙi.

Ranar ziyara muka zauna a inuwar mangwaro ni da ita da malamar nazarin halittu, wata doguwar mata 'yar Filato wadda Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. Na buɗe baki na kwararo abin da na haddace, rabi Turanci rabi Hausa. Inna na ta gyaɗa kai tana "to, to, haka ne."

Malama ta juya gare ta. "Mama, yanzu kai ne za ka faɗa mini. Me ka ji?"

Inna ta gyara mayafi. "Madam, ai yarinyar nan ta yi ƙoƙari. Allah ya yi mata albarka."

"Amin. Amma me ya ce?"

Inna ta dube ni da idon ban haƙuri, kamar ita ce ta faɗi jarrabawar. Wannan kallon ya fi komai ƙona mini rai. Na ji kamar in shaƙe malamar nan, har na fara shirya maganar da zan yaɓa mata. Ita ko a jikinta. Ta ce, "Ba na sauri. Sake."

A bayan ɗakin cin abinci akwai tiyon da ake ba fulawa ruwa, an bar shi yana zuba. Don haushi na tashi na jawo shi, na danne bakinsa da babban yatsa. Ruwan ya yi tsartuwa har ya jiƙa wa malama takalmi, ban kuma ba ta haƙuri ba.

"Inna, famfon can zuciya ce. Tiyon nan jijiya. In hanya ta matse, kin ga yadda ruwan ke dukan tiyon? Haka yake yi dare da rana, ko kin ji ciwo ko ba ki ji ba. Ƙwayar ita ke ɗage yatsan."

Inna ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta kai hannu ƙeyarta.

"Wato ko ranar da kaina lafiya lau, yatsan na nan?"

"Yana nan."

"In aka bar shi, tiyon ya fashe?"

Na gyaɗa mata kai. Ta juya ga malama ta mayar mata da bayanin tiryan-tiryan, har da ƙarin cewa ashe ita ke cutar kanta. Malama ta kakkaɓe takalminta ta ce, "Yarinya ya wuce."

Na samu kujerar, na shiga jami'a, yau ina duba marasa lafiya a wani asibiti a Nyanya. Ina godiya ga makarantar nan da malamar da na so shaƙewa, godiyar da ban iya yi mata ba a lokacin. Sa'o'in Inna da dama da suka riƙa wasa da maganinsu, ciwon ya kwantar da su. Ita kuwa har gobe tana rumfarta a Zuba. Kullum da safe, kafin ta kwance buhun farko, sai ta haɗiyi ƙwayarta ta ce, "Bari in ɗage yatsan."