Tagogin da Baba Kafinta Ya Ƙi Ƙonawa

Shekara arba'in Baba Kafinta ya yi yana gyaran tsohon gidan benen nan na bakin kasuwa. Wani attajirin yadi ne ya gina shi, da matakalar katako mai lanƙwasa, da rufi mai tsayi, da tagogi goma sha biyu masu sassaƙen ganye, babu biyu iri ɗaya. Alƙalin da ya saya a hannun magada ya raba falon gida biyu. Bayansa sai ga mai otal, mutum mai son ƙyale-ƙyale, ya sa aka ciccire tagogin aka kafa gilashi.

"A ƙona su," in ji shi.

Ina! Hannun Baba ya ƙi. Ya loda su a amalanke, ya jibge a bayan shagonsa, ya rufe da buhuna. Tun daga ranar yake ganin kansa ɓarawo, shi da ko ƙusa bai taɓa ɗauka a gidan mutane ba. Matarsa kuwa ta samu abin tsokana: "Malam, yau ka gaida kayan satar naka?"

Bana jikar attajirin, wata likita, ta saye gidan. Ta kira Baba ta nuna masa wani hoton tagogin da ya dushe.

"Baba, za ka iya sassaƙa mini irinsu?"

Sarai zai iya, asirinsa kuma ya rufu har abada. Kwana uku abin yana cin sa. A na huɗu ya saka rigarsa mai kyau kamar mai zuwa kotu, ya turo amalanke har ƙofar gidan.

"'Yata, ga su. Ni na ɗauke. Ki yi mini hukuncin da kika ga dama."

Likita ta yaye buhu, ta ƙwalla ihun da ya taso 'yan kasuwa daga rumfunansu. Tana dariya tana hawaye, tana shafa katakon.

"Na kakana ne! Wallahi su ne! Baba, hukuncinka ka mayar da su da hannunka, yau ɗin nan!"

Tsoho ya haye tsani kamar ɗan shekara ashirin. Tagar farko ta zauna daram a mazauninta, jama'a suka ɗau tafi. Wani ya ɗaga murya daga ƙasa: "Wai ina aka samo su?"

Baba ya juyo, ya bugi ƙirji.

"A wurina! Ni na ajiye su!"