Rijiyoyin Yaya Ilu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Iliyasu, wanda muke kira Yaya Ilu. Ina gonarmu ta Kunduru ina cirar gyaɗa da hantsi, maƙwabcina ya tsaya a bakin gona ya kasa ƙarasowa. Da ƙyar ya ce motar da ta ɗauko Yaya daga Katsina ta kife kafin ta iso Kankia. Ban tambayi abin da ya kai shi Katsina ba, don na sani. Littafinsa ya je karɓowa, karo na huɗu.

Yaya malamin firamare ne a Kusada. Kowane hutun rani yakan saɓa jaka ya bi tsohon burtali, hanyar da shanu da fatake suka bi tun zamanin kakanni, ta Kafinsoli da Kankia, ya yi arewa har ya tsallaka iyaka wajen Maraɗi. Burinsa masu yawon buɗe ido su riƙa bin hanyar nan. Yakan ce, "In ka nuna ma baƙo gari goma barkatai, ko ɗaya ba zai riƙe ba. Ba shi igiya guda ya bi." Igiyar da ya zaɓa ita ce ruwa: daga rijiya zuwa rijiya, ƙasa biyu, labari ɗaya.

Littafi biyu ya rubuta. Na boko yana ɗauke da sunayen garuruwa da nisan da ke tsakaninsu. Na ajami kuwa shi ne zuciyar aikin: wa ya haƙa kowace rijiya, gidan wa ke riƙe da ita, wa ake fara gaisarwa. Da ajami ya rubuta don tsofaffin su karanta da idonsu, su ga bai yi musu ƙari ba.

Akwai wani abokin karatunsa mai kamfanin kai baƙi yawo a birnin Katsina. Ba zan kira sunansa ba, ya san kansa. Ya ari na bokon ya ce zai duba. Sai ga aikin an buga da hotuna masu launi, da sunansa shi kaɗai. Sau uku Yaya yana yini a ƙofar ofishinsa ana ce masa ba ya nan. Na huɗun, gawarsa aka kawo mana.

Amma alhaki kwikwiyo ne. Mutumin bai taɓa taka burtalin nan da ƙafarsa ba. Da ya kwaso baƙin farko a mota, ya tsaya a wata rijiya kusa da Kafinsoli, ya raba musu sababbin gugunan roba su zura a ɗauke su hoto. Ko sallama bai yi ba. A wajenmu baƙo ba ya zura gugansa a rijiyar mutane, na masu ita yake ara bayan ya gaishe su. Baffa Jaɓɓo, tsohon makiyayin da kakansa ya haƙa ta, ya fito da sandarsa.

"Ina Malam Ilu?"

"Allah ya yi masa rasuwa, Baba."

"To kai mi ya kawo ka? Ku naɗe igiyarku."

Labari ya bi burtali ya riga motar isa kowace rijiya. Haka suka koma.

Sau biyu ya zo gidana neman na ajamin. "Ƙanena, aikin marigayi ne, kada mu bari ya mutu." Na ce, "Alhaji, yau ka tuna na marigayi ne?" Sharaɗina ɗaya: ya zo Kusada ranar Juma'a, bayan an idar da salla, ya faɗa gaban jama'a aikin wa ya ɗauka. Har yau bai zo ba. Ni kuma ban yafe ba, kuma ina fatan duk ruwan da ya kai baki ya tuna masa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. An rufe iyaka an buɗe, tsoro ya hana mutane bin daji, gonaki sun cinye rabin burtalin. Baffa Jaɓɓo ma ya bi Yaya lahira bara waccan. Na san halin ɗan'uwana. Zai ce mini, "Rijiya ta bayar, kai ka zama gugan da ya hana? Miƙa wa Alhaji littafin." Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma ba shi ya wanke gawar ba.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa, sai dai ba ya satuwa. Har yanzu makiyaya in suka sauko daga arewa sukan tsaya gidana su kawo nono, su ce na Malam ne. Littafin ajamin yana cikin akwati a ɗakina. Yaya ya rubuta kan shafi na rijiyoyi uku na ƙarshe, waɗanda ke tsallaken iyaka, amma ƙasansu babu komai.