Ƙarin Gonar Baba

Ina aji biyu na babbar sakandare a Faskari lissafin kalkulas ya kusa fitar da ni daga ajin kimiyya. Ƙa'idar farko ba ta ba ni wuya ba: a sauko da lambar da ke saman harafi, a rage mata ɗaya, shi ke nan. Har na fara hura hanci. Sai aka zo kan abu biyu da aka ninka da juna, kowanne yana canjawa. Ni sai in nemo canjin wannan, in nemo na wancan, in ninka su, in zauna ina jiran yabo. Sau biyu Malam yana zana mini jan ƙwai. Ya ce in na sake faɗuwa gwajin Litinin, ajin adabi zan koma. Ni kuwa likita nake son zama.

Ranar Asabar na je gida Daudawa, na kai wa Baba fura gona, fuskata a murtuke.

"Mi ya samu ɗiyata?" in ji shi.

Na yi masa bayani a daƙile, don a ganina wanda bai yi boko ba me zai gane? Ya ajiye fartanya, ya ja ni bakin gona.

"Bana na ƙara kunya biyu nan gefe, tsawonsu irin na da. Tsofaffin kunyoyin kuma kowace na ja ta gaba taki uku. To ina ƙarin gonar yake?"

Na nuna gefe, na nuna gaba.

"Ke kuwa a lissafinki kin bar su duka, kin ɗauki wanga ɗan lungu inda sabo ya haɗu da sabo. Ko akuya ba ta ƙoshi da shi."

Na sake duban gonar. Canjin na farko sau na biyu, a haɗa da canjin na biyu sau na farko: ga ƙa'idar Malam kwance a gabana, dawa ta tsiro a kanta. Na ji nauyin rainin da na yi masa, na kasa haɗa ido da shi.

Na ci gwajin, na zauna a ajina. Da na kawo masa takardar, ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya daɗe yana dubanta yana gyaɗa kai. A juye ya riƙe ta. Ban gyara masa ba.