Abincin Gayya a Gonar Bakin Teku

Rusholme

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida, Wilmslow Road ba kowa sai bas guda. Zuciyata ba daɗi. Tun da aka yi wa Baba aiki a Birmingham ba ya cin abin da ya wuce cokali biyu, likita kuwa ya ce muddin bai ƙara nauyi ba, ba za a ci gaba da magani ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana noma a Bunkure, yanzu sai kallon bango.

Edgbaston

Shida da kwata na isa gidan Yaya Sani a Birmingham, inda Baba yake jinya.

"Hadiza, are you sure? Awa uku da rabi ne fa a mota," in ji Yaya.

"Yaya, flat ɗin nan ne ke cinye shi. Bari ya ga gona."

Muka kama hanyar kudu ƙarfe bakwai. A wurin hutawa na saya wa Baba shayi, fam uku, ya riƙe har ya huce.

Gonar

Sha ɗaya saura muka iso, iska tana warin gishiri. Gonar bulubari ce ta iyali, wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗaye, inda baƙo ke tsinka da hannunsa, a auna masa a bakin ƙofa ya biya. Akwai ɗakin shayi, da tarakta mai zagayawa da mutane, da 'yar hanya mai gangarawa teku. Mai gonar, tsohuwa Margaret, ta nuna mana hoton kakanta: masunci ne, teku ta cinye jirginsa, ya dawo kan yashin da alkama ta ƙi ya dasa waɗannan itatuwa. Na fassara wa Baba. Ya sunkuya daga keken marasa lafiyar da muke tura shi a kai, ya murza ƙasar a tafinsa.

"Ɗinyar Turawa ce," ya ce, yana duban 'ya'yan itacen. Da ya ga jama'a cikin kunyoyi da bokitai, sai ya tambaye ni, "Gayya ta kira?"

Kafin in amsa ya miƙo hannu a ba shi bokiti. Awa ɗaya da rabi yana tsinka, nunannu kaɗai, ko ɗaya bai kai baki ba. Da ya cika, ya sa na tura shi gaban Margaret, ya miƙa mata da hannu biyu: "Allah ya sa albarka."

Yaya, ɗan boko sarkin gyara, ya fara, "Baba, ai pick-your-own ne, mu za mu..." Na take masa ƙafa. Na ja tsohuwar gefe na yi mata bayanin gayya: maƙwabta su taya ka aiki, kai kuma ka ciyar da su. Ta karɓi bokitin ta shige.

Sai ga ta da burodi mai zafi da soyayyen kifi. Baba ya wanke hannu, ya yi bismilla. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu. Na juya wajen teku don kada ya ga hawayena.

"Wata takwas ina cin abin da ban yi wa gumi ba," ya ce. "Ba ya wucewa, 'yar nan."

Komawa

Na sauke Baba da Yaya a Edgbaston bakwai na yamma, ni na shiga Rusholme tara da rabi, ina gode wa Allah da wannan baiwar Allah da ba ta ƙi bokitin tsoho ba. Ina ajiye makulli Yaya ya kira.

"Baba ya ce a dama masa koko da safe. Wai yaushe za a koma, akwai sauran kunya biyu."